Ta yaya zan gane madogarar da ta inganta a furojet ɗina?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar aji huɗu a sashen ilimi, kuma furojet ɗina a kan yaran da ba sa zuwa makaranta ne a ƙaramar hukumarmu. Na kai wa malamin da ke duba aikina babi na ɗaya da na biyu, ya dawo mini da su ja-wur da biro, ya rubuta cewa madogaran da na kawo ba su da inganci. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, wani shafi ya ce yara miliyan 10.5 ne ba sa zuwa makaranta a Najeriya, wani ya ce miliyan 18.5, wani kuma miliyan 20, kuma kowa ya ce daga Majalisar Ɗinkin Duniya ya samo. Don Allah ta yaya zan gane wanda zan dogara da shi, kuma a ina zan samu, tunda ba ni da kuɗin sayen maƙaloli?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata. Allah ya sa a kammala lafiya.

Tambayarki biyu ce a haɗe: yadda za ki gane rubutun da ya cancanci ki jingina da shi, da kuma inda za ki same shi ba tare da kin taɓa kuɗin abincinki ba. Ni a laburaren jami'a nake aiki, a teburin da masu bincike ke zuwa neman taimako, kuma duk shekara idan lokacin furojet ya kama, wannan jan biron shi ke koro mana ɗalibai. Saboda haka kada gwiwarki ta yi sanyi. Malaminki bai ce kin yi ƙarya ba. Abin da yake nufi shi ne, idan ya ɗora yatsa a kan wata jumla ya ce "wa ya faɗi wannan, kuma ta yaya ya sani?", takardarki ba ta da amsar da za ta ba shi.

Wannan tambayar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk wanda ya taɓa zama gaban malamin hadisi ya san ba a karɓar magana don ta yi daɗin ji ko don ta yaɗu. Ana bin isnadinta, wane daga wane, har a kai ga wanda ya ji da kunnensa, sannan a duba amanar kowane mai ruwaya da ƙarfin haddarsa. A muƙaddimar Sahihu Muslim an ruwaito Abdullahi ibnul Mubarak yana cewa isnadi yana daga cikin addini, ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Binciken boko ba addini ba ne, amma ladabin iri ɗaya ne. Ɗalibai da yawa suna tambayata, "Malam, wannan shafin mai kyau ne?" Ni kuwa na fi so su riƙa tambaya, "Wannan maganar daga ina ta taso?" Idan kika saba da bin magana zuwa tushenta, rabin wahalarki ta ƙare.

Mu bi sawun alƙalumanki uku

Miliyan 10.5 tsohon adadi ne, ya haura shekara goma yana yawo a jaridu da jawabin 'yan siyasa. Asusun UNICEF yana kawo shi a kan yara 'yan shekara 5 zuwa 14. Miliyan 18.5 kuwa ya shahara ne a watan Mayun 2022, lokacin da shugaban ofishin UNICEF na Kano ya faɗe shi a gaban 'yan jarida. Miliyan 20 na hukumar UNESCO ne, ta fitar da shi a watan Satumban 2022 a cikin ƙiyasin da ya ce yara da matasa miliyan 244 ne ba sa makaranta a duniya baki ɗaya, kuma wannan lissafin ya haɗa 'yan shekara 6 zuwa 18, wato har da waɗanda ya kamata a ce suna babbar sakandare.

Kin ga ke nan ba lallai ne wani a cikinsu ya yi ƙarya ba. Wanda ya tsaya a shekara 14 da wanda ya kai 18 ba yara ɗaya suke ƙirgawa ba, kuma adadin da aka fitar shekara goma da suka wuce ba zai yi daidai da na bana ba a ƙasar da jama'a ke ƙaruwa kullum. Akwai kuma abin da shafukan da kika karanta ba za su gaya miki ba. Rabon da a yi ƙidayar jama'a a Najeriya tun 2006, wadda ta ba da mutum miliyan 140 da 'yan kai, kuma wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Don haka babu wanda ya bi gida-gida ya ƙirga waɗannan yaran. Abin da ake yi shi ne a zaɓi wasu gidaje a yi musu tambayoyi, a fitar da kaso cikin ɗari na yaran da ba sa zuwa, sannan a ninka shi da hasashen yawan yara. Duk ukun ƙiyasi ne, kuma ɗalibar da ta rubuta "an ƙiyasta" ta fi wadda ta rubuta "akwai" gaskiya.

Sai maganar da ta fi shafar aikinki kai tsaye: wane ne "wanda ba ya zuwa makaranta"? A lissafin gwamnati, yaron da ke makarantar allo ko tsangaya kaɗai, ba ya haɗawa da boko, yana cikin waɗanda ba sa zuwa makaranta. Uban yaron kuwa idan kika tambaye shi zai ce ɗansa na karatu tun asuba. Idan ba ki fayyace ma'anar da kika ɗauka ba tun a babi na ɗaya, amsoshin da za ki tattaro a babi na huɗu za su cakuɗe, ki rasa inda za ki sa su. Daga nan ne ma wasu ke yin kuskuren ɗaukar adadin yaran da ba sa makaranta su mayar da shi adadin almajirai, alhali a ciki akwai 'yan mata masu talla, da yaran makiyaya, da waɗanda rikici ya raba da garuruwansu.

To wanne za ki ɗauka? Wanda ya dace da shekarun yaran da kike bincike a kansu. Idan a kan ilimin matakin farko kike, wato shekara tara ta firamare da ƙaramar sakandare da dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta wajabta, miliyan 20 ya yi miki faɗi. Ni da zan rubuta, sai in kawo biyu a sakin layi ɗaya, kowanne da shekararsa da hukumar da ta fitar da shi da shekarun yaran da ya ƙunsa, in bayyana dalilin bambancin. Malami idan ya ga haka ya san ɗalibarsa ta karanta. Na bakin jami'i kuma, tunda jawabi ba ya zuwa da bayanin yadda aka yi lissafi, ki nemi rahoton da aka ciro shi. Idan ba ki samu ba, ki rubuta shi a matsayinsa: wane jami'i ya faɗa, ranar kaza, jarida kaza ta ruwaito.

Ba duk abin da aka buga ba ne aka tantance

A aikin jami'a an fi ba da nauyi ga maƙalar da ta fito a mujallar ilimi mai tantancewa. Yadda abin yake shi ne, marubuci ya aika da aikinsa, edita ya tura wa masana biyu ko uku na wannan fannin, su duba hanyar da ya bi da hujjojinsa, su ce a gyara, ko a karɓa, ko a mayar masa. Wannan kan ɗauki watanni. Bayanta sai littattafan da maɗaba'ar jami'a ko sanannen kamfanin ɗab'i ya buga, da rahotannin hukumomin da suka tattara bayanan da kansu, sai kundayen digiri na biyu da na uku. Jarida tana da amfani wajen tabbatar da cewa abu ya faru ranar kaza ko wane ya faɗi kaza, amma ba a kafa hujjar ilimi a kanta ita kaɗai.

Tantancewa ma ba ta hana kuskure wucewa. A 1998 mujallar The Lancet, ɗaya daga cikin manyan mujallun likitanci na duniya, ta buga maƙalar Andrew Wakefield a kan yara 12, wadda ta sa mutane suka riƙa danganta allurar rigakafin ƙyanda da galahanga (autism). Sai a 2010 mujallar ta janye ta bayan an gano maguɗin da ke ciki, kuma har yau akwai masu kafa hujja da ita. Shi ya sa maƙala ɗaya ba ta isa ba. Ki duba ko wasu masu bincike sun samu irin sakamakon, ki kuma duba ko an manna mata sanarwar janyewa.

Abin da ya fi damuna a 'yan shekarun nan shi ne mujallun 'yan kasuwa, waɗanda ke karɓar kuɗi su buga duk abin da aka aiko. Wani ma'aikacin laburare a Jami'ar Colorado da ke Denver, Jeffrey Beall, ya yi shekaru yana tara sunayensu kafin ya rufe jerin a farkon 2017. A 2013 ɗan jarida John Bohannon ya ƙirƙiri maƙalar bogi a kan maganin ciwon daji, da kurakuran da ɗalibin kimiyya zai gano, ya aika wa mujallu 304, sai 157 suka karɓa. Irin waɗannan mujallun suna da alamu. Za ki ga suna ɗaya ya haɗa aikin gona da shari'a da injiniyanci da adabi. Za ki ga an rubuta a shafin farko cewa an karɓi maƙalar ranar Litinin an amince da ita ranar Alhamis. Za ki ga jerin editoci babu jami'ar da suke aiki, ko ki nemi sunan a shafin jami'ar ki rasa. Amma ki yi adalci: karɓar kuɗin bugu shi kaɗai ba laifi ba ne, manyan mujallu ma suna karɓa, kuma mujallar tsangayar wata jami'a tamu da ba ta da shafin intanet mai ƙyalli tana iya fin su tsanani wajen tantancewa.

Dabara ɗaya da nake koya wa kowa ita ce, kada ki tsaya a cikin shafi kina auna shi da kyawun tambarinsa. Ki fita, ki buɗe wani shafin, ki nemi abin da wasu ke faɗa a kan marubucin da mujallar. Masu bincike a Jami'ar Stanford, Sam Wineburg da Sarah McGrew, sun gwada wannan a 2017. Sun ba ɗalibai da malaman tarihi da ƙwararrun masu bin diddigin labarai shafuka su tantance, sai ƙwararrun suka fi kowa sauri da dacewa, domin su ba sa daɗewa a shafin, nan take suke fita su bincika waye ke bayansa.

Inda za ki samu ba tare da kin biya ba

Ki fara da Google Scholar maimakon Google na kullum. Ki sa kalmominki a cikin alamar zance, misali "out-of-school children" sannan ki ƙara sunan jiharku, ki taƙaita shekarun daga gefe. Idan kika samu maƙala ɗaya mai kyau, ki riƙe ta da kyau, domin ita za ta kai ki ga sauran. Manazartar da ke ƙarshenta za ta nuna miki waɗanda suka gabace ta, maɓallin Cited by da ke ƙarƙashinta kuma zai nuna waɗanda suka zo bayanta suka ambace ta. Idan maƙalar ta kuɗi ce, ki taɓa All versions, sau da yawa akwai kwafin da marubucin ya ajiye kyauta a rumbun jami'arsa. Idan babu, ki aika masa da gajeriyar wasiƙa cikin ladabi, da yawansu suna turowa da murna. Sai dai ki sani Google Scholar tarawa yake yi, ba ya tacewa, mujallun 'yan kasuwa ma suna fitowa a ciki. Haka ResearchGate da Academia, kowa na iya ɗora abin da ya so, don haka ki duba inda aka fara buga takardar.

AJOL, rumbun mujallun Afirka da ya fara aiki a 1998, yana da mujallun Najeriya masu yawa, kuma a nan za ki fi samun binciken da aka yi a garuruwanmu. DOAJ yana jera mujallun kyauta da suka cika sharuɗɗansa, saboda haka yana da amfani wajen duba mujallar da kike shakka. A fanninki na ilimi akwai ERIC na ma'aikatar ilimin Amurka, kyauta ne. JSTOR, wani babban rumbun mujallun ilimi, yana barin mai rajistar kyauta ya karanta maƙaloli har 100 a wata a kan allo. Jami'o'i da dama suna ɗora kundayen ɗalibansu a intanet, kamar rumbun Kubanni na Jami'ar Ahmadu Bello. Alƙaluma kuwa ki je gidansu: Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana da rahoton MICS na 2021, wato binciken gidaje a kan halin yara da mata da ta yi tare da UNICEF, wanda ya rarraba bayanan zuwa makaranta jiha-jiha, kuma UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, tana fitar da nata.

Sannan don Allah ki shiga laburaren makarantarku ki tambayi sashen intanet waɗanne rumbuna aka yi wa rajista. Abin yana ba ni takaici in ga an biya kuɗi mai yawa, kalmar sirri tana ajiye a teburinmu, ɗalibai kuma suna waje suna ƙona data a shafukan da ba su da tushe.

Wikipedia, masu sayar da furojet, da ƙirƙirarriyar basira

Wikipedia wurin farawa ne. Ki karanta don ki san bakin zaren, ki gangara ƙasa ki ɗauki madogaran da aka jera, ki bi su da kanki, amma kada ki sa ta a manazartarki.

Shafukan da ke tallar furojet babi na ɗaya zuwa na biyar kuwa ki nisance su gaba ɗaya. Ban da satar fasaha da manhajoji irin su Turnitin ke kamawa, madogaran da ke cikinsu an kwafe su ne daga hannu zuwa hannu har suna da shekara sun jirkice. Wata ɗaliba ta taɓa kawo mini jerin manazartarta ta ce in taimaka mata ta samo su. Muka zauna muna nema ɗaya bayan ɗaya. Wani marubucin yana nan amma bai taɓa rubuta abin da aka jingina masa ba, wata mujallar kuma kundin da aka ambata bai dace da shekarar ba. Da na tambaye ta, sai ta ce ba ta taɓa ganin ko ɗaya da idonta ba, daga wani tsohon furojet ta ɗebo. Ƙa'idar da na ba ta ita zan ba ki: abin da ba ki buɗe kin karanta ba, kada ya shiga manazartarki. Idan dole ne ki kawo maganar wani da kika gani a rubutun wani, ki rubuta a fili cewa ta hannun wane kika samo.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna taimakawa wajen fahimtar abu mai wuya ko samo kalmomin nema, amma suna iya ƙera miki madogara mai suna da shekara da lambar shafi, alhali babu ita a duniya. A 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in da ChatGPT ya ƙirƙira. Gwajin mai sauƙi ne: ki kwafi taken maƙalar ki nema a Google Scholar, idan kuma tana da lambar DOI, wato lambar shaidar maƙala wadda ke farawa da 10, ki sa ta a shafin doi.org ki ga ko za ta kai ki ga wannan maƙalar.

Abin da intanet ba zai ba ki ba

Bincikenki a kan ƙaramar hukuma ɗaya ne, kuma da wuya ki samu maƙalar da ta yi magana a kanta kai tsaye. Wannan ba aibi ba ne, shi ne ma dalilin yin aikin. Ki karɓi takardar gabatarwa daga sashenku ki je ofishin ilimi na ƙaramar hukumar da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiharku (SUBEB), ki nemi adadin ɗaliban da aka yi wa rajista. Ki tuna cewa sunan yaro a rajista daban, zamansa a aji daban, don haka idan hedimasta ya yarda ki duba littafin kiran suna. Ki zauna da mai unguwa, da alaramma, da iyaye mata. Hira madogara ce cikakkiya matuƙar kin rubuta ranar da wurin da matsayin mai maganar, kin nemi izininsa, kin kuma sakaya sunan wanda ya ce a sakaya. Amma kowa ki auna shi da abin da yake da ikon sani da kuma abin da yake so a ji: jami'i na iya son adadi ya yi kyau, ƙungiya mai neman tallafi na iya son ya yi muni. Idan kina son ɗan tarihin yadda boko ya shigo yankinku, Gidan Arewa (Arewa House) da reshen ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa duk suna Kaduna.

Duk abin da kika karanta, ki rubuta marubuci da shekara da take da mujalla da shafi a take, kafin ki rufe. Littafin rubutu ya isa, manhajar Zotero kuma kyauta ce, tana tsara manazarta a salon APA da sassan ilimi suka fi amfani da shi.

Akwai inda shawarata ta tsaya. Waɗannan matakan suna rage haɗari ne kawai, maƙala na iya cika dukkan sharuɗɗa kuma lissafinta ya zama gurgu, wanda sai masanin fannin zai gane. Ni aikina nemowa da tantance asali, hukuncin ko samfurin gidajen da wani ya ɗauka ya wadatar na malaminki ne. Haka maganar tsufan madogara: wasu malamai ba sa karɓar abin da ya wuce shekara biyar ko goma, wasu suna karɓa idan aiki ne na tushe, kuma ƙa'idar sashenku ita ke gaba da tawa. Don haka kada ki sake rubuta babi biyun duka kafin ki koma wurinsa. Ki gyara sakin layin alƙaluman nan kaɗai yadda muka yi bayani, ki haɗa da jerin maƙaloli biyar ko shida da kika karanta da kanki, ki kai masa ki ce, "Malam, irin wannan kake nufi?" Ki kuma roƙe shi ya faɗa miki mujallu biyu ko uku da shi kansa yake karantawa a wannan fannin, ki fara nemanki na gaba daga cikinsu.

Allah ya ba da nasara, ya sa albarka a karatun.